Mace a aikin gwamnati: tambayoyin ma'aikatan Maraɗi da amsoshinsu

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa a bakin malaman makaranta mata, ungozomomi, sakatarori da sauran ma'aikatan jihar Maraɗi, wani lokaci ma a bakin mazan da ke shugabantarsu. An sa musu lamba don a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Me ake nema in an ce daidaito tsakanin mata da maza a aikin gwamnati?

Abin da ake nema ba shi da nisa. Mace da namijin da suka zauna kwankur ɗaya, wato jarrabawar ɗaukar aiki, a auna su da mudu ɗaya. In sun shiga aiki a biya su daidai da matsayinsu, a tura su ƙaro ilimi bisa cancanta, a ba su muƙami bisa aikin da suka yi. Ciki da haihuwa da shayarwa kada su zama dalilin mayar da mace baya. Sannan ta shiga ofis ta fito da mutuncinta, ba wanda zai riƙe mata takarda sai ta biya da jikinta.

Wannan ba zancen cikin gida ba ne. Aikin gwamnati da kuɗin talakawa ake biyan sa, na mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Maraɗi da na mai shago a Tasawa, don haka ba a raba shi da son rai.

2. Akwai doka a kan haka a Nijar, ko dai zancen ƙungiyoyin waje ne?

Akwai, kuma matan ƙasar nan ne suka fara nema da ƙafafunsu. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi tattaki a Yamai, saboda kwamitin da aka kafa don shirya Babban Taron Ƙasa mace ɗaya tak aka sa a cikinsa. Ba su koma gida ba sai da aka yarda a ƙara yawansu. Daga nan ne ranar 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar.

Masu cewa komai daga waje aka ɗora mana su duba yadda abin ya gudana. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, amma ta keɓe wasu sassa da suka shafi aure da iyali ta ce ba ta ɗauke su ba. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka. Ke nan ƙasar ta zaɓa, ta ɗauki wani ta bar wani, kuma haƙƙin mace a wurin aiki yana cikin abin da ta ɗauka. Tun shekarun 1960 ma ta amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan albashi daidai da hana wariya wajen ɗaukar aiki. A 2008 ta kafa manufar ƙasa kan daidaiton jinsi, aka sabunta ta a 2017.

Kundin tsarin mulki na 2010, wanda sashensa na 22 ya ɗora wa hukuma nauyin kawar da wariya ga mata, an dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Amma dokokin aiki da na hukunta laifuka ba su faɗi tare da shi ba, kuma su ne ma'aikaciya ke taɓawa kullum.

3. Ni ƴar kwantiragi ce, ƙawata tana da lambar matirkil. Doka ɗaya ce ta shafe mu?

Ba lalle ba ne, kuma a nan mata da yawa ke tafka asara. Wadda aka tabbatar da ita a aiki ta samu matirkil tana ƙarƙashin babbar dokar ma'aikatan gwamnati ta 2007 da gyare-gyarenta. Dokar ƙwadago ta 2012 ba ta hau kanta ba. Ita wannan ta shafi waɗanda aka ɗauka bisa yarjejeniyar aiki irin ta kamfani. Alƙalai, sojoji, ƴan sanda da malaman jami'a kuwa kowane rukuni da dokarsa ta daban. Mai bautar ƙasa ita ma da nata tsarin.

Ke da ke kan kwantiragi, ɗauko takardar da kika sa wa hannu ki karanta ta daga sama har ƙasa. A samanta ake jera dokokin da aka dogara da su. In ba a ba ki kwafi ba, ki nema a rubuce. Sanin dokar da ke kanki shi zai nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa in matsala ta taso (duba tambaya ta 10).

4. Mece ce dokar kaso, kuma ta shafi ƙaramar ma'aikaciya?

Doka ce mai lamba 2000-008 ta ranar 7 ga Yuni 2000. Ba ta ce "mata" kawai ba, cewa ta yi kowane jinsi kada ya gaza wani kaso. Da farko kashi 10 cikin 100 ne a muƙaman zaɓe, kashi 25 a naɗin ministoci da manyan muƙaman hukuma. A 2014 aka ɗaga na zaɓe zuwa 15. A 2019 aka mai da na zaɓe 25, na naɗi 30. Tasirinta a majalisa ya fito fili: a zaɓen 1999 mace ɗaya ce cikin ƴan majalisa 83, a na 2004 suka zama 14 cikin 113.

Yanzu da babu zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a watan Afrilu 2024 aka maye su da naɗaɗɗun shugabanni, nauyin duka ya koma kan naɗi. Shi kuwa ɓangaren naɗin tun can shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba sai an ba ki alƙaluma ba: ki saurari sunayen da ake karantawa bayan taron majalisar ministoci, ki ƙirga da kanki.

Dokar ba ta ƙara wa mace maki a kwankur, ba ta kuma tilasta a ba ki shugabancin makaranta ko na ɗakin shan magani. Amfaninta gare ki yana zuwa ta sama: in akwai mata a teburin da ake yanke shawarar tura ma'aikata da ba da muƙami, kukanki zai samu wadda ta san ciwon.

5. Kaso ba ya sa a ɗora wadda ba ta cancanta ba?

Ana iya ɗora marar cancanta, mace ko namiji, in dai sanayya da siyasa ake bi. An daɗe ana yin haka tun kafin a san wata dokar kaso, kuma ba a taɓa cewa laifin maza duka ba ne. Kaso bai sauke sharaɗin takardu da ƙwarewa ba. Abin da ya yi shi ne tilasta wa mai naɗi ya duba inda da ba ya dubawa.

Matan da suka riƙe manyan ayyuka a ƙasar nan sun isa shaida. Aisata Mumuni ce mace ta farko da ta shiga gwamnati, a 1987. Aishatu Mindaudu ta yi shekaru tana ministar harkokin waje, daga baya ta jagoranci tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodibuwa. Fatimata Bazeye Salifu ce ke shugabantar kotun tsarin mulki a 2009, lokacin da kotun ta ƙi amincewa da ƙuri'ar tazarcen shugaba Tandja har aka rushe ta. Mariama Gamatie Bayard, haifaffiyar Maraɗi, ita ce mace ta farko da ta tsaya takarar shugaban ƙasa, a 2011.

6. An ce albashin mace da na namiji ɗaya ne a gwamnati. To ina bambancin yake?

Gaskiya ne, jadawalin albashi bai san mace ko namiji ba. Rukuninki, A ne ko B ko C ko D, da matakin da kika kai, su ke ba da lambar da ake lissafa albashi da ita. Malama da malamin da ke mataki ɗaya tushen albashinsu ɗaya ne.

Bambancin yana ɓoye a gefe. Alawus na muƙami yana bin wanda aka naɗa. Kuɗin tafiyar aiki yana bin wanda aka sa sunansa a takardar tafiya. Taron ƙara wa juna sani a Yamai ko Damagaram, da gurbin ƙaro ilimi wanda ke ɗaga mutum daga rukunin B zuwa A, suna bin wanda shugaba ya tuna da shi. Sau da yawa ba a ma tambayar macen. Shugaba ne zai yanke mata hukunci a zuciyarsa: "ai tana da goyo", "ai maigidanta ba zai bari ba". Yana ganin tausayi ne ya yi mata, alhali ya tsayar da ita wuri ɗaya. Bayan shekara goma abokin karatunta ya zama darakta, ita tana kan teburin da ta fara, sannan a ce mata ba su da himma. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin ba doka ce ta hana ta ba, kuma ba ta da takardar da za ta nuna ta ce ga inda aka cuce ni.

Maganinsa ki riƙa nema a rubuce. In kin ji labarin horo ko gurbi, ki shigar da buƙata ta hannun shugabanki, ki riƙe kwafi. Ki kuma bi sawun ƙarin matakinki, wanda ke zuwa duk shekara biyu, kada ki ɗauka takarda za ta tafi da kanta.

7. Ina da ciki. Hutu nawa ne haƙƙina, kuma za a iya taɓa aikina?

Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba mai ciki hutun mako 14 a jere, 8 daga ciki bayan haihuwa, kuma ana iya ƙara mako 3 in likita ya tabbatar da rashin lafiyar da cikin ko haihuwar ta jawo. Ba a sallamar mace a cikin wannan hutu. Bayan ta koma, tana da lokacin shayarwa har sa'a ɗaya a rana, tsawon wata 12 daga haihuwa. Mai matirkil ita ma dokarta ta tanadar mata hutun haihuwa, kuma ba ya cinye hutunta na shekara. Ki koma tambaya ta 3 don sanin wadda ta shafe ki.

Kada ki tafi hutu da izinin baki. "Je ki, Hajiya, Allah ya raba lafiya" addu'a ce mai kyau, amma ba ta kare ki ranar da aka sauya shugaba aka ce ba a san inda kike ba. Ki kai takardar likita mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa, ki rubuta buƙata, ki karɓi takardar izini mai hatimi. Ranar da kika dawo ki sa a rubuta miki takardar komawa aiki. In kin tarar an ba wani muƙaminki saboda kin haihu kawai, wannan abin ƙara ne.

8. Mijina da ƴaƴana suna Maraɗi, an tura ni Bermo. Dole in tafi?

Wanda ya shiga aikin gwamnati ya yarda a tura shi ko'ina. In ba ki je kin kama aiki ba za a ɗauke ki wadda ta gudu daga bakin aiki, a tsayar da albashi, abin ma yana iya kai wa ga kora. Don haka ki je ki kama aikin tukuna, sannan ki nemi canji. Haɗa ma'aurata dalili ne da masu raba ma'aikata ke dubawa, amma ba ya zuwa da kansa. Za a nemi takardar aure ta hukuma da shaidar inda maigida ke aiki ko zaune. Aure da yawa a nan an ɗaura su gaban liman da shaidu ba a rubuta su a ma'aikatar magajin gari ba. In naki haka yake, ki fara da gyara wannan ta hanyar kotu tun kafin buƙata ta taso.

Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata mu faɗa wa juna. In duk malama da duk ungozoma ta taru a cikin birni, yarinyar ƙauyen Dakwaro ko Mayahi ba za ta taɓa ganin mace da alli a hannu ba, mai naƙuda kuma ba za ta samu mace a ɗakin haihuwa ba. Haƙƙin waɗancan matan ma haƙƙi ne. Abin da ya dace ƙungiyoyin ma'aikata su matsa a kai shi ne masauki mai ƙofa da makewayi ga macen da aka tura ƙauye, wa'adin da in ta cika za a dawo da ita, da la'akari na musamman ga garuruwan bakin iyaka na Gidan Rumji da Madarunfa inda ƴan bindiga ke satar mutane.

9. Shugabana yana nemana, ya riƙe mini takardu saboda na ƙi. Me doka ta ce?

Laifi ne. Tun gyaran da aka yi wa dokar hukunta laifuka a 2003, matsa wa mutum da umarni ko barazana ko tilas don a samu lalata da shi yana jawo ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100. In mai laifin ya yi amfani da ikon da yake da shi a kanki, ɗaurin yana kai wa kusan shekara ɗaya, tarar kuma jika 20 zuwa jika 200. Dokar ƙwadago ita ma ta haramta shi. Hukuncin ya yi kaɗan in aka auna da ɓarnar, amma yana nan, kuma ban da shi akwai horon ladabtarwa na cikin aiki.

Ba ke kika jawo ba, ba kuma shigarki ba ce ta jawo. Masu wannan hali sun fi farautar wadda ba ta da ƙarfi: ƴar kwantiragi mai jiran matirkil, mai bautar ƙasa, bazawara mai ƴaƴa. Sun dogara da kunyarki da tsoron kada zance ya kai gidan aurenki.

Kada ki goge saƙonninsa na waya ko na WhatsApp. Ki rubuta rana da wuri da abin da ya faɗa tun abin yana sabo a kanki. Ki gaya wa mutum ɗaya ko biyu da kika amince da su. Ki daina shiga ofishinsa ke kaɗai in da hali. Kada kuma ki kai zancen Facebook: dokar laifukan intanet tana hukunta ɓata suna da ɗauri, sai mai laifi ya koma mai ƙara.

10. Ina zan kai kuka in an tauye mini haƙƙi?

Mai matirkil tana fara wa da rubuta wa wanda ya yanke shawarar ta nemi ya sake dubawa, ko ta rubuta wa na sama da shi: daraktan jiha, sannan ma'aikatar da ke Yamai. In ba a gyara ba, akwai kotun da ke sauraron ƙarar da ake kai hukuma. Wa'adin irin wannan ƙara gajere ne, wadda ta tsaya jiran "za a duba" sai ta tarar ƙofa ta rufe. Wadda dokar ƙwadago ta shafa kuwa ofishin sufeton ƙwadago na Maraɗi za ta nufa. Abin da ya zama laifi, kamar na tambaya ta 9, na ƴan sanda ne ko jandarma ko mai gabatar da ƙara a babbar kotun Maraɗi, kuma ba sai da izinin shugabanki ba.

Kada ki tafi ke kaɗai. Sandikarki, wato ƙungiyar ƙwadagonki, kamar SNEN ga malamai ko SUSAS ga ma'aikatan lafiya, aikinta ke nan. Hukumar ANAJJ tana ba da taimakon shari'a ga marasa hali, ƙungiyar mata masana shari'a ta AFJN ita ma tana ba da shawara. Duk takardar da kika shigar ko'ina, ki sa a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinki.

11. Addini da al'adarmu ba su hana mace irin wannan aiki ba?

Malamai sun yi bayani kan sharuɗɗan fitar mace, na sutura da kamun kai da guje wa keɓewa, kuma ma'aikata mata na Maraɗi ba su ce a sauke musu ko ɗaya ba. Hasali ma hana shugaba ya rufe ƙofa da ma'aikaciya abu ne da addini da doka suka haɗu a kansa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗora Shifa'u ƴar Abdullahi kan lura da kasuwar Madina, Rufaida kuma ta yi jinyar masu rauni a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Magidancin da ba ya son namiji ya duba matarsa a asibiti, likita mace yake nema, ita kuwa sai an bar ta ta yi karatu ta kama aiki.

Al'ada ma ba baƙuwar mace mai iko ba ce. A fadar Sarkin Katsinan Maraɗi akwai sarautar Iya, a fadar Gobir ta Tibiri akwai Inna. Mata ne masu faɗa a ji a kan lamuran mata da na gari tun kafin zuwan Faransawa.

12. Sai da takardar izinin miji ake shiga kwankur?

Takardun da aka saba nema su ne buƙata da aka rubuta da hannu mai tambur, takardar haihuwa, ta shaidar ɗan ƙasa, ta kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, ta likita, da kwafin shaidar karatu. Izinin miji ba ya cikinsu. Amma zaman aure sai da fahimtar juna, kuma aikin da ake yi da rigima a gida ba ya daɗewa. Iyayen da suka kashe kuɗi kan karatun ƴarsu su yi zancen aikin ƙarara tun ranar da aka zo neman aure, gaban waliyyai, har da yiwuwar a tura ta wani gari (duba tambaya ta 8).

13. Me ya sa har yanzu mata ba su da yawa a manyan muƙamai a jiharmu?

Rabin amsar tana tambaya ta 6. Sauran rabin yana farawa tun kafin a kai ƙofar ofis. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuma adadin ya kai 89. Yarinyar da aka cire daga koleji ba za ta kai makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo ba, balle jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo da ke cikin garinta. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu don a riƙe ta a makaranta. Ma'aikaciyar da ke cikin aiki yau tana da hannu a nan fiye da yadda take zato, domin uban da ya ga albashin malamar unguwarsu yana ciyar da gida ya fi saurin barin tasa ƴar ta ƙarasa.

14. Ni namiji ne, ina shugabantar ma'aikata. Me zan iya yi ba tare da jiran Yamai ba?

Malam, da yawa yana hannunka. Ka manna sanarwar kowane horo da kowace tafiyar aiki a allo, kowa ya gani ya nema da kansa. Kada ka yanke wa mace hukunci kan goyonta ko mijinta, ka tambaye ta. Ka sa taro cikin lokacin aiki, domin shawarar da ake yankewa bayan magariba a majalisar shayi ta riga ta fitar da mata daga ciki. Ka tanadi wanda zai riƙe aikin mai hutun haihuwa tun kafin ta tafi, don kada abokan aiki su riƙa ganin cikinta a matsayin nauyi a kansu. Ka duba ko akwai makewayi na mata mai ƙofa da ruwa, da ɗan wurin da mai shayarwa za ta zauna.

In ma'aikaciya ta kawo maka ƙarar wani, kada ka kira su biyu ka ce a yi haƙuri a rufa asiri. Ka saurare ta ita kaɗai tare da wata mace da ta yarda da ita, ka rubuta abin da ta faɗa, ka raba ta da ikon wanda take ƙara kafin a gama bincike, sannan ka miƙa rahoton sama kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 10. Wanda ake canza wa wuri in laifi ya tabbata shi ne mai laifin, ba wadda ta kai ƙara ba.